Gumin dare ya jawo min takardar tuhuma a ofis: in faɗa wa oga gaskiya ko in ja bakina?

Maman Hanifa (Agege): Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a yi min afuwa, maganar tawa da ɗan tsawo. Shekarata 47, shekara 14 ke nan ina aikin akawu a wani kamfani a Ikeja, ba a taɓa ba ni takardar tuhuma ba sai ranar Litinin ɗin nan. Laifina biyu: na makara sau huɗu cikin wata guda, kuma na manta ban tura wani lissafi ba har aka tashi. Duka na yi, ban musa ba. Abin da ba su sani ba, rabona da barcin kirki tun kafin azumi. Ƙarfe biyun dare sai in farka jagab da gumi kamar an watsa min ruwa, in sake riga in kwanta, uku da rabi ya dawo. Barci mai daɗi ba ya zuwa sai bayan asuba, daidai lokacin da ya kamata a ce ina bakin titi ina tarar mota. Da rana kuwa kowa a ofis na jan mayafi saboda sanyin esi, ni sai wani zafi ya taso min daga ƙirji, ya hau wuya, ya rufe fuska. Na sha maganin maleriya sau uku, na taifot sau biyu. Makon jiya wata likita ta tambaye ni yaya al'adata, na ce tana zuwa tana tsallake. Ta ce ai shekarun ɗaukewar al'ada na shiga. Yanzu an ba ni zuwa Juma'a in amsa takarda. Ogana namiji ne, sa'an ƙanena. In rubuta gaskiya, ko in ɗora wa gosulo laifi kamar kowa?

Anti Balki: Wa alaikumus salam. Gosulo, ƙanwata. Gosulo kawai. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na yi shekara 22 a banki a tsibirin Legas, na san yadda ake kallon mace idan ta haura arba'in da biyar. Dama neman hanyar sallamarki ake, a ɗauko yara biyu 'yan kwantiragi da rabin albashinki. Ki ba su takarda da hannunki cewa kina mantuwa? Ranar rage ma'aikata ita za a fara zarowa.

Ummu Khalid: Allah ya sawwaƙe. Amma Maman Hanifa 47 ai da sauranki, ba ki isa wannan ba. Anya ba sammu ba ne? Ki dage da azkar.

Nas Rabi (Idi-Araba): Azkar kam kowa ya dage, Ummu Khalid. Amma 47 ita ce tsakiyar lokacin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata al'ada na ɗauke musu tsakanin shekara 45 zuwa 55. Kuma ba dare ɗaya take ɗaukewa ba. Ba a cewa ta ɗauke sai mace ta yi wata 12 cur ba ta ga jini ba. Kafin nan akwai shekarun kai-komo, su ne Maman Hanifa ke ciki: wata biyu shiru, sai ta zo da yawa, sai ta zo kaɗan kamar ɗigo. Dalili shi ne ma'ajiyar ƙwai ta fara rage aiki, sinadarin da ake kira istirojin yana hawa yana sauka. Sashen ƙwaƙwalwa mai daidaita zafin jiki sai ya rikice, ya ɗauka jiki ya yi zafi, ya buɗe jijiyoyin fata ya saki gumi. Shi ne wannan zafin da ke tasowa daga ƙirji, minti kaɗan ya wuce. Mantuwar ma da faɗuwar gaba da saurin fushi da ciwon gaɓoɓi duk 'yan gida ɗaya ne, rashin barci kuma ya ƙara musu kuzari.

Abin da ke ƙona min rai shi ne maganin taifot ɗin nan. Mace ta je kemis ta ce tana jin zafin jiki da kasala, yaron kanti ya haɗa mata ƙwayoyi, babu wanda ya tambayi shekarunta balle al'adarta.

Maman Hanifa (Agege): Wallahi haka aka yi. Har allurai na sha.

Nas Rabi (Idi-Araba): Sai dai kada a koma ɗaya gefen kuma, komai a ce ɗaukewar al'ada ce. Tarin fuka na sa gumin dare. Ciwon maƙoƙo na sa bugun zuciya da jin zafi. Ga suga, ga hawan jini, duk a wannan shekarun suke kunno kai. A bari likita ya tantance.

Hajiya Yalwa (Mile 12): Salamu alaikum, 'yarta ce ke rubutawa, ita tana faɗa. Ta ce a gaya wa 'yan ofis su gode wa Allah suna da ogan da za su kai wa ƙara. Ita a kan wa za ta rubuta takarda, kan kwandon tumatir? Shekara 26 tana tuwo-tuwo a kasuwar gwari, tun ƙarfe huɗu take hura wuta saboda direbobin da suka kwana a hanya. Lokacin da abin ya same ta, ga zafin murhu ga zafin jiki, har sai ta bar tukunya ta je ta zuba ruwan leda a kai. Ta ce ita nata da sauƙi. Akwai maƙwabciyarta da jini ya ɗauke mata, cikinta ya ɗan tasa, aka ce ciki ne ya kwanta. Shekara biyu ana neman maganin tayar da kwantaccen ciki, daga Agege har garinsu, kuɗin adashinta kaf ya tafi. Da aka yi hoto babu komai a mahaifar. Matar ta yi kuka kamar an yi mata mutuwa, don ita haihuwar take so, kishiyarta na ta zubawa.

Anti Balki: Allah sarki. Hajiya a gaishe ki. Wannan kwantaccen cikin ya cinye kuɗin mata ba kaɗan ba.

Rifkatu: Sannunku. Ni aikina ke nan, ina ofishin kula da ma'aikata a wani kamfani a Apapa, irin wannan takardar ni ke rubuta ta. Anti Balki, tsoronki na da tushe, ba zan ce ƙarya ba ne. Amma gosulo amsa ce mara amfani a Legas. Duk wanda ke ofishin nan ta Oshodi ko Ikorodu Road ya biyo, wani ma ya tsallako gadar Third Mainland. In ta ce gosulo, za a ce ta riƙa fitowa da wuri, wata mai zuwa ta sake makara, takarda ta biyu ta fito, ta uku kuma sallama ce. A lokacin in ta kawo zancen lafiya za a ce yanzu ta ƙirƙiro shi.

Akwai hanya ta tsakiya. Ba dole ta rubuta kalmar al'ada ba. Ta koma wurin likitar ta karɓo takarda mai hatimi da ke cewa tana fama da larurar da ke hana ta barci, ana kan duba ta. Ta amsa laifin a layi biyu, ta maƙala takardar likita, sannan ta nemi abu takamaimai: a matsar mata da lokacin shigowa da awa ɗaya na wata uku, ta biya da yamma. Oga ya fi son a kawo masa matsala tare da mafitarta.

Maman Hanifa (Agege): To doka fa? Akwai abin da ya kare ni?

Rifkatu: Dokar ƙwadago ta Najeriya ba ta ambaci ɗaukewar al'ada ba ko sau ɗaya. Ta san haihuwa, mako 12. Gwamnatin jihar Legas ma tun 2014 take ba ma'aikatanta mata wata shida a haihuwa biyun farko. Wato doka ta san mace lokacin da take haihuwa, da ta gama sai ta manta da ita, alhali ma'aikaciyar gwamnati sai ta kai 60 ko ta cika shekara 35 tana aiki take ritaya, malaman makaranta ma an kai nasu 65. Shekara goma zuwa goma sha biyar ke nan mace tana aiki cikin wannan yanayi ko bayansa. Abin da za ki iya riƙewa shi ne hutun rashin lafiya: doka ta ba da har kwana 12 na aiki a shekara da albashi, in likita ya tabbatar. Ki duba takardar ɗaukarki aiki, wasu kamfanonin suna ba da fiye da haka. In an kori mutum ba bisa ƙa'ida ba kuma akwai kotun ma'aikata a Ikoyi, Allah dai ya sa ba za a kai can ba.

A Ingila, a watan Fabrairun 2024, hukumarsu ta daidaito da kare haƙƙi ta gargaɗi masu ɗaukar aiki cewa in alamomin sun yi wa mace tsanani suka daɗe, dole a sassauta mata, in ba haka ba tana iya kai su kotu. Kuma sassaucin ba wani abin tsada ba ne: fanka, kujera kusa da taga, sauya lokacin shigowa, barin mace ta sa kayan auduga maimakon yunifom mai roba.

Anti Balki: Ingila ke nan. Nan Ikko ce, inda mutum ɗari ke layi a bayan kujerarki.

Rifkatu: Na ji, Anti. Amma ki ƙirga kuɗin fanka ɗaya, ki ƙirga kuɗin koya wa sabuwa abin da Maman Hanifa ta sani na shekara 14. Masu kamfani sun iya lissafi in an nuna musu.

Hajjaju Kayan Harka: Uwargida kada ki bari amarya ta ƙwace miki fada!! Akwai haɗin dawo da ni'ima da dawo da al'ada ko kin kai 60, gumba da tsumi da matsi, muna aikawa ko'ina cikin Legas, ki yi min magana ta ciki

Admin: Hajjaju, ranar talla Asabar ce. Na goge hotunan. Kada a sake.

Nas Rabi (Idi-Araba): Admin bar rubutun nata, ya zo a kan gaɓa. Duk wadda ta yi shekara guda ba ta ga jini ba, sai ga jini, ko ɗigo ne, wannan ba al'ada ce ta dawo ba, kuma ba abin murna ba ne. Asibiti za ta je a makon, a duba mahaifa da bakin mahaifa. Sau da yawa ba wani abu ba ne, amma ta nan ne sankarar mahaifa ke fara nuna kanta, kuma in an kama ta da wuri ana warkewa. Ga asibitin koyarwa na LUTH nan Idi-Araba, ga na LASUTH a Ikeja, ga asibitin haihuwa na Lagos Island, ga babban asibitin Orile Agege, duka suna da likitocin mata.

Zancen ni'ima kuma gaskiya ne tana raguwa, tun da sinadarin nan ne ke riƙe da laushin wurin. Fatar na yin siriri, shi ya sa ake jin zafi wajen kwanciya, wasu har da yawan fitsari da ƙaiƙayi, sai a yi ta shan maganin sanyi. Cusa matsi a irin wannan fatar ƙara rauni ne. Akwai man santsi na asibiti, akwai kuma kirim mai ɗauke da sinadarin da likita ke rubutawa.

Baban Sadik: Assalamu alaikum iyayenmu mata. Na san zauren na kowa ne, amma na daɗe ina jujjuya ko in sa baki. Ni ɗan canji ne, uwargidana shekararta 50. Shekara biyu da suka wuce ta sauya min gaba ɗaya. Abu kaɗan faɗa, dare ya yi ta kwashi tabarma ta koma falo ƙarƙashin fanka, in na matso ta ce in ƙyale ta. Na ɗauka ta gaji da ni ne. Abokai suka ce magani ɗaya ne, in ƙara aure. Saura kaɗan in kai kuɗi. Yayata ce ta zo daga Kano ta kwana biyu da mu, ta kira ni gefe ta ce kai wawa ne, matarka girma ne ya zo mata. Wallahi ban taɓa jin cewa abin na zuwa da ciwo ba. Na ɗauka jini ne kawai ke tsayawa, shi ke nan.

Ummu Khalid: To da yayarka ba ta zo ba fa? Shekara nawa tana yi maka wanki da girki, ciwon wata nawa ya isa ka nemo wata. Maza ke nan.

Baban Sadik: Na karɓi faɗan, Hajiya. Amma ita ma ba ta faɗa min ba. Da na tambaye ta daga baya, cewa ta yi kunya take ji, kada in ce ta tsufa. Mu kuma wa ya taɓa zaunar da mu? A wa'azin aure ana maganar haila da biƙi, ban taɓa jin an kai nan ba.

Malama Sa'a: Baban Sadik ya taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Kunyar tamu ce, ba ta addini ba. Alƙur'ani ya ambaci matan da suka yanke tsammanin haila ƙarara a Suratuɗ Ɗalaƙ aya ta 4, ya ce iddarsu wata uku ce. Suratun Nur aya ta 60 ta yi maganar mata masu shekaru da sassaucin da aka yi musu wajen tufafi. Abin da Allah ya faɗa a littafinsa yara na haddacewa, mu ne za mu ce ba ya faɗuwa?

Kuma akwai matsalar da nake gani a ajin matan aure na Islamiyyarmu. Mace a shekarun kai-komo jini ya yi mata kwana 20, ta bar salla kwana 20. A mazhabar Malikiyya mafi tsawon haila kwana 15 ne, kuma mai al'ada sananniya tana ƙara kwana uku ne a kan kwanakinta, abin da ya wuce haka jinin ciwo ne, ta yi wanka ta yi salla. Wata kuma ta sha azumi saboda ɗigon da ba haila ba. Suna jin nauyin tambayar malami namiji, sai su yanke wa kansu hukunci.

Nas Rabi (Idi-Araba): Malama, mai jinin kwana 20 bayan ta yi wanka ta yi salla, ta zo asibiti ma. Jininta na ƙarewa, kuma wani lokacin ƙarin mahaifa ne.

Maman Biyu: Ni tawa daban ce. Shekarata 38. Bara aka yi min aikin ƙari, aka cire mahaifa har da ma'ajiyar ƙwai duka biyu. Babu wanda ya gaya min abin da zai biyo baya. Ko mako biyu ban yi ba gumin ya fara, ina ta kuka ba dalili, surukata na cewa iska ce, aka yi ta min ruƙiyya. Ina koyarwa a makarantar kuɗi a Mushin, aji mai yara 40, fanka ɗaya, in NEPA ta ɗauke shi ke nan. In na ce ina fama da abin da iyayenmu ke fama da shi, dariya ake yi.

Nas Rabi (Idi-Araba): Sannu Maman Biyu. Ke kam kada ki zauna. Wadda abin ya same ta kafin 40, ko ta hanyar tiyata ko haka kawai, ita ta fi kowa buƙatar maganin mayar da sinadarin, wanda ake kira HRT, saboda ƙashi da zuciya. Sinadarin nan shi ke riƙe ƙarfin ƙashi, in ya tafi da wuri ƙashi na yin rauni tun da sauran shekaru. Akwai na haɗiya, na mannawa a fata, da na shafawa. Mai mahaifa ana haɗa mata da sinadari na biyu don kare mahaifar, ke da aka cire miki ba lallai ki buƙace shi ba. Ba kowa ake ba wa ba: wadda ta yi sankarar mama ko daskarewar jini a jijiya, sai an yi nazari. Tun wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2002 mutane suka tsorata da shi, har da likitoci, amma da aka sake bin sakamakon an ga cewa ga yawancin matan da ba su kai 60 ba, amfaninsa ya fi haɗarinsa. Ba kowane kemis ke da shi ba kuma da tsada, wannan gaskiya ce. Ki koma wurin likitan mata, kada ki saya da ka.

Zee: Ni 26 nake, ina karantawa ina tuna Mamanmu. Mun sa mata suna Soja a gida saboda faɗa. Yanzu jikina ya yi sanyi.

Anti Balki: Je ki ba ta haƙuri, Zee. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai, kina hanya ke ma.

Maman Hanifa (Agege): Nas Rabi, har yaushe abin nan zai ɗauka? Kuma tun da tana tsallake, in daina tsarin iyali?

Nas Rabi (Idi-Araba): Kada ki daina! Auta da yawa a wannan shekarun aka same su. Ƙa'idar da muke bi: in ta ɗauke kafin 50, a ci gaba da kariya shekara biyu bayan jinin ƙarshe, in bayan 50 ne shekara ɗaya. Tsawonsa kuwa kowa da nata. Wata shekara biyu ta huta, wata ko gumin ba ta yi. Wani binciken Amurka da ya bi dubban mata ya samu matsakaicin shekarun gumin ya haura bakwai, na baƙaƙen fata kuma kusan goma. Kafin nan ki rage yaji da shayi mai zafi da kofi da daddare, ki kwana da kayan auduga, hijabin roba ki bar wa 'yan mata. Ki samu fankar caji ki ajiye ruwa kusa da gado. Nono, kifi mai ƙaya da ake ci duka, riɗi, zogale, saboda ƙashi. Ki riƙa tafiyar ƙafa ki sha hantsi.

Hajiya Yalwa (Mile 12): Ta ce ita tafiyar ƙafa kam ta ƙoshi. Ta ce a tambayi Nas ko za ta zo ta yi wa matan kasuwa wannan bayanin da baki, don yawancinsu ba sa karatu a waya.

Malama Sa'a: Ai 18 ga Oktoba ce ranar da duniya ta ware don wannan magana. Mu haɗa a kusa da ita. Zan nemi ajinmu na Islamiyya, Nas ta yi ɓangaren lafiya, ni in yi na tsarki. Rifkatu ki gayyato matan cocinku, ciwon bai san masallaci ko coci ba. Baban Sadik kuma ka tattaro mana maza, a yi musu nasu zaman daban.

Baban Sadik: Maza goma dai na yi alkawari. Fiye da haka sai in da shinkafa.

Maman Hanifa (Agege): Salam 'yan uwa, na dawo da rahoto. Na bi shawarar Rifkatu, na haɗa da takardar likita. Ogan ya kira ni, ya ce wace irin larura ce. Na yi niyyar kewayawa, sai kawai na ji bakina ya faɗa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya yi shiru, ya kasa kallona, can ya ce mahaifiyarsa ma ta yi irin wannan. An amince in riƙa shigowa ƙarfe tara zuwa ƙarshen shekara, an mayar da teburina kusa da taga. Takardar tuhumar dai ya ce ba za a cire ta daga fayil ba.

Anti Balki: Kin ga abin da nake faɗa, tana nan a fayil. Ina taya ki murna, amma ki yi hoton amsarki da takardar likitar da amincewar da ya sa wa hannu, ki kai gida ki adana. Ya sa hannu kuwa, ko da baki ya faɗa?

Maman Hanifa (Agege): Da baki ne.

Rifkatu: Litinin da safe ki tura masa imel na godiya, ki jero abin da kuka amince a kai da ranar da zai ƙare, ki sa ofishin ma'aikata a ciki. Turo min in duba miki kafin ki aika.